Ina Ake Yada Zango a Duwatsun Abzin? Tambayoyi da Amsoshi ga Matafiya Daga Tawa

Duk shekara da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai zancen zuwa Abzin ya taso a fadodin shayi na nan Tawa. Wasu malaman makaranta ne da ke son cin hutun Disamba a can, wasu ƴan kasuwa ne da suka saba sayen albasa da dankalin Tabelot amma ba su taɓa ganin garakar da ake noma su ba. Tambayoyin da suke yi mini kusan iri ɗaya ne, kuma duk suna komawa ga abu guda: in dare ya yi a cikin duwatsun nan, ina mutum zai shimfiɗa tabarmarsa? Ga abin da nake gaya musu.

Kawu, wai akwai wuraren da aka tanada musamman don masu kafa tanti?

Akwai, amma kaɗan ne. A garuruwan da baƙi suka saba sauka, irin su Timiya da Iferwan, ana samun ƙananan masaukai masu ɗakunan laka ko bukkokin kaba, da fili a ciki inda mutum zai iya kafa tantinsa. An gina yawancinsu a zamanin da jirage ke sauke Turawa masu yawon buɗe ido a Agadas. Tun daga tawayen 2007 zuwa 2009 baƙin suka ja baya, wasu masaukan suka rufe, wasu kuma sai lokacin bikin Abzin da ake yi a Iferwan suke farfaɗowa. Saboda haka kada ka dogara da sunan masaukin da ka gani a intanet, sai ka ji daga bakin wanda ya fito can kwanan nan.

Da ka bar garuruwan nan kuwa, babu allo, babu shinge, babu mai karɓar kuɗi a ƙofa. Zango ne irin na ayari: inuwa, rairayi mai laushi, da yardar mutanen wurin.

Daga Tawa ta ina ake bi?

Hanyar Abalak, ita ce wadda ake kira hanyar yuraniyom, wadda ta wuce har Arlit. Daga Tawa zuwa Agadas wajen kilomita 400 ne, amma kwaltar ta ci wuya a wurare da yawa, don haka a ware mata yini guda. Wanda ya taso daga Yamai ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni, ya ƙara wani yinin. A Agadas ake kwana, a nan ake haɗuwa da jagora, a cika mai da ruwa, sannan a shiga duwatsu da sassafe ta hanyar Dabaga, ko kuma a bi kwaltar Arlit a ratse gabas zuwa Iferwan.

Timiya tana da nisan fiye da kilomita 200 daga Agadas. A kan kwalta wannan tafiyar hantsi ce. A cikin dutse da rairayi tana iya cinye wuni.

Muna da taswira a waya. Ba za mu iya zaɓar wuri da kanmu ba?

Wannan ce tambayar da na fi son a tsaya a kanta, domin a nan mutane suka fi yaudarar kansu. Taswirar waya za ta nuna maka fili fetal, babu gida babu gona, sai ka ɗauka ba na kowa ba ne. A Abzin babu wurin da ba shi da masu shi. Kwarin da ka ga babu kowa, makiyayar awakin wani dangi ce da za su dawo mata bayan wata biyu. Rijiyar da ka tarar a rufe da dutse, akwai waɗanda suka haƙa ta, kuma sun san adadin guga nawa take bayarwa kafin ta ƙafe. Tarin duwatsun da ka ga an jera, mai yiwuwa kabari ne na mutanen da, ko masallacin matafiya. Kel Ewe, Kel Ferwan da sauran dangogin Abzinawa sun san iyakokin juna ba tare da an dasa ko sanda ɗaya ba.

Ban da wannan, waya ba ta sanin abin da ya faru makon jiya. Ba ta san ruwa ya yanke hanya ba, ba ta san rijiya ta rufta ba, ba ta san an ga baƙuwar mota na yawo a wani kwari ba. Mai raƙumin da kuka gamu da shi a hanya ya sani. Kuma rezo kansa yakan ɗauke da an yi nisa da gari. Yankin duwatsun ya haura murabba'in kilomita 80,000, wanda ya ɓata a ciki ba a san ta inda za a fara nemansa ba.

Sauke taswirar a waya kafin ka taso, tana da amfani wajen sanin gabas da yamma. Amma wurin kwana, da ɗan gari akan ci gari.

To yaya ake samun jagora na ƙwarai?

A Agadas akwai kamfanonin yawon buɗe ido da direbobin da suka tsufa a wannan aiki. Mu mutanen Tawa kuma muna da wata ƙofa: dillalan albasa da direbobin manyan motoci da ke lodi a Tabelot, da ƴan uwanmu da ke aiki a Arlit da Cirozerin. Ta bakinsu ake samun wanda aka yarda da shi.

In kun zauna da shi, ku tambaye shi ɗan wane kwari ne. Wanda aka haifa a Timiya ba lallai ne ya san hanyoyin duwatsun Tamgak ba, kuma jagoran kirki zai faɗa maka haka da bakinsa, ya ce in an isa can za a ɗauki ɗan wurin. Ku tambaye shi inda za a kwana kowane dare, da inda za a sami ruwa, da abin da za a yi in motar ta tsaya. Wanda ya amsa komai da "ba matsala" kawai, ni ba na sakin jiki da shi. Na fi son wanda zai ce, "Wancan wurin bana ba a kwana, sai dai mu tsaya gabaninsa."

In mun isa ƙauye, wa ake fara gani?

Mai gari, ko dattijon da ke madadinsa, ko liman. A tsayar da mota nesa kaɗan da gidaje, mutum biyu su bi jagora a ƙafa. A yi sallama, a gaisa a natse, a tambayi lafiyar gida da ta bisashe, kada a yi gaggawar kawo buƙata. Yawancin mazan Abzin suna jin Hausa, musamman Kel Ewe, domin kakanninsu sun yi ɗaruruwan shekaru suna ɗauko gishiri da dabino daga Bilma da Fashi suna kaiwa Damagaram da Kano, su dawo da hatsi. Bayan gaisuwa sai ka ce, "Baba, mu baƙi ne daga Tawa, muna neman inda za mu yada zango daren yau in kun yarda." Shi zai nuna muku, ko ya haɗa ku da yaro. Sau da yawa wurin da zai nuna ya fi wanda kuka hango da idonku, don ya san ta inda iska ke bugowa da asuba.

A riƙe ganyen shayi da sukari a matsayin tsaraba. In an kawo muku shayi, ku zauna har kofi na uku.

Wane irin wuri ne ya dace da kwana?

Mai kwana a Abzin yana lissafi da ruwa da iska da dutse.

Ruwa shi ne babba. Koramun Abzin, waɗanda ake ce wa kori, a bushe suke kusan duk shekara, cikinsu rairayi ne fari mai laushi, ga inuwar itatuwa a gefe. Duk wanda ya gaji da tafiya, nan zuciyarsa za ta ja shi. Da rani tsantsa Abzinawa kansu suna sauka a ciki. Amma daga Yuni zuwa farkon Oktoba kada ka kuskura. Dutse ba ya shan ruwa. In hadari ya zuba a kan wani tsauni mai nisan kilomita talatin, duk ruwan nan gangarowa zai yi ya haɗu a kori ɗaya, ya iso maka cikin dare alhali taurari na saman kanka, ɗauke da itace da duwatsu. Mutanen Agadas ba su manta da Satumban 2009 ba, lokacin da korin Telwa ya ɓalle ya rushe gidaje masu yawa a cikin gari. In kori zai yi wa birni haka, ina ga tanti? Ka duba jikin itatuwan bakin kori, za ka ga ciyayi da ƙiraren da ruwan bara ya maƙale. Ka hau sama da wannan alamar, motar ma a fitar da ita.

Iska kuma daga arewa maso gabas take zuwa a lokacin hunturu. A nemi bayan dutse ko kurmin asuwaki da zai tare ta, ƙofar tanti ta kalli yamma ko kudu. A rairayi turaku ba sa kamawa, sai a ɗaure igiya a jikin duwatsu masu nauyi.

Dutsen da zai kare ka daga iska kuma kada ka manne masa. Zafin rana da sanyin dare suna tsattsaga duwatsun nan, ɓaraguzai na faɗowa. In ka ga sababbin gutsattsari a gindin tsauni, matsa gaba. Ƙarƙashin ƙaya ma a share da kyau kafin shimfiɗa, domin ƙayar da ta faɗo tana huda katifa da ƙafa, har da tayar mota.

A isa wurin zango tun la'asar. Wanda ya iso bayan magariba ba zaɓa yake yi ba, abin da ya samu yake ɗauka.

Ba gara mu kwana dab da ruwa ba?

A'a. Tafkunan da ke cikin duwatsu, waɗanda Abzinawa ke kira agelmam, su ne mashayar kowa. Da rana mata da yara ke kawo awaki, da dare barewa da ragon dutse da dila ke saukowa. In kun kafa tanti a bakin ruwa, matan za su ji nauyin matsowa, namun dajin kuma za su kwana da ƙishi. A ja baya kamar mita ɗari biyu ko uku. Kada a yi wanka ko wanki da sabulu a ciki, a ɗebo a bokiti a koma gefe. Ruwan sha kuma a tafasa ko a sa masa maganin tsarkakewa, ko da ya yi garau a ido.

Wane lokaci ne ya fi?

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Afrilu da Mayu zafi ne mai tsanani, damina kuma na riga na faɗi hatsarinta.

Ana cewa akwai sanyi. Ya kai na Tawa a watan Janairu?

Ya wuce shi nesa. Agadas kanta tana kan tudun da ya kai wajen mita 500, tudun Bagzan kuwa ya haura mita 1,500, kuma a kansa ne ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Nijar take, Idukal-n-Tagas, mita 2,022. A can ruwan buta yana iya wayar gari ya daskare. Bargo ɗaya ba ya isa. Abin da mutane suka fi mantawa shi ne sanyin ƙasa: rairayi yana zuƙe ɗumin jiki, don haka abin da ka shimfiɗa a ƙarƙashinka ya fi abin da ka lulluɓa muhimmanci. Tabarma, katifa, sannan bargo. A zo da hular sanyi da safa da rawani. Wanda zai yi alwalar asuba ya ajiye butarsa kusa da tokar wuta tun dare.

Abu ɗaya da nake roƙo da babbar murya: kada a shigar da gawayi mai ci cikin tanti a rufe. Hayaƙinsa ba ya wari, yana kashe mai barci.

Waɗanne wurare ka fi ba da shawara ga wanda bai taɓa zuwa ba?

Timiya. Ina faɗa ba tare da shakka ba. Bayan dogon tafiya cikin baƙin dutse, sai ka faɗo cikin garaka kore shar, da lemu da rumman da dabino, raƙuma da shanu na jan guga daga rijiyoyi ana ban ruwa. Akwai ruwan da ke zubowa daga dutse kusa da garin, akwai tsohuwar ganuwar da Faransawa suka gina a kan tudu, daga can ana hango kwarin gaba ɗaya. Mutanenta sun saba da baƙi, kuma mai garka yakan yarda a kwana a gefen garkarsa in an nemi izini. Ga wanda ke koyon kwana a fili, babu makarantar da ta fi wannan: kana waje, amma mutane na kusa. Daga nan akan kai ziyara kufan Asode, tsohon birnin Abzin da ya zama kango, a gani da rana a dawo. Ba a kwana cikin kufai, ba a ɗaukar ko tsingaro.

Bagzan na masu ƙafa ne. Ana barin mota a gindinsa ta ɓangaren Tabelot, a ɗora kaya bisa jakai, a hau. A sama akwai ƙauyuka da gonaki, kuma su ne za su nuna inda za a sauka. Mai ciwon gwiwa ko hawan jini ya yi shawara da likita tukuna.

Tafadek, inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa, kusa take da Agadas, mutane na zuwa neman sauƙin ciwon gaɓoɓi, kullum akwai jama'a. Dabus kuwa, inda mutanen dā suka sassaƙa raƙuman dawa a jikin dutse, babban ya fi mita 5, tana kusa da hanyar Arlit kuma tana da masu gadi. Su ake tambaya inda za a tsaya, kuma ba a taka zanen.

Gefen gabas, inda duwatsu ke haɗuwa da rairayin Tenere, wajen Arakawo da Temet, ya fi ko'ina kyau a ido, amma ba wurin farawa ba ne. Ba a zuwa da mota ɗaya.

Maganar tsaro fa? Iyalina na jin tsoro.

Suna da gaskiya, kuma ba zan rage maganar ba. A lokacin tawayen 2007 an binne nakiyoyi a wasu hanyoyin arewa, shi ya sa ba a barin sawun da motoci ke bi a ƙirƙiro sabo. Tun da aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten a 2014, zirga-zirga ta ƙaru, ƴan fashi ma suka ƙaru a wasu hanyoyi. A 2025 an sace Turawa a cikin garin Agadas kanta. In akwai ɗan ƙasar waje a cikinku, dokarsa daban ce, sai da sanin hukuma da rakiya.

Ku ƴan ƙasa, ku riƙe katin shaida da takardun mota, ku sanar da jandarma a Agadas da kuma garin da kuka sauka. Ku bar wa wani a gida jerin wuraren da za ku kwana da ranar dawowa. Ba a tafiyar dare. Ba a kwana a bakin babbar hanya inda kowace fitila za ta haska ku. Kada a sa hoton wurin zango a Facebook sai an bar shi. In jandarma ko mai gari suka ce kada a bi wani kwari, magana ta ƙare, ko da don shi kuka taso. Shekarar da aka ce ba lafiya, a haƙura a zauna gida.

Ana buƙatar wata takarda?

Gabashin duwatsun yana cikin gandun dajin Abzin da Tenere, wanda aka kafa a 1988, faɗinsa ya kai wajen hekta miliyan 7.7, kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991. Shiga cikinsa sai an bi ta hannun ma'aikatan gandun daji, kuma a tsakiyarsa akwai yankin da aka keɓe gaba ɗaya don namun daji. Farauta haramun ce a ciki. Jagora ya san ofishin da ake zuwa.

Itacen girki da shara fa?

Ku zo da gas ko gawayinku daga Agadas. Itacen da ka ga ya yi tsawon mutum biyu a can, ya fi ka shekaru, kuma ganyensa da ƴaƴansa ne abincin awaki da raƙuma in rani ya tsananta. Ɗanyen reshe ba a sara. Busassun ƙirare kaɗan sun isa shayi da tagella, gurasar da Abzinawa ke gasawa cikin rairayi mai zafi da toka, wadda ya kamata kowa ya zauna ya ga yadda ake yin ta. Kafin a tashi a kashe wuta a rufe da rairayi.

Leda da gwangwani da batir su koma cikin mota. Akuya na cin leda ta mutu, kuma akuyar nan ita ce nonon ƴaƴan wani. Bayan gida a yi nesa da kori da rijiya, a tona a rufe.

Kunama da maciji?

Akwai su, amma da sanyi ba su cika fitowa ba. Kada a sa hannu ƙarƙashin dutse, a kakkaɓe takalmi da bargo da safe, a riƙe tocila in za a zaga da dare. In maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana gaɓar motsi a nufi asibiti mafi kusa nan take.

Za a iya zuwa da mata da yara?

Ana iyawa, in an tsaya a Timiya ko Iferwan ko kusa da ƙauye. Mata ma sukan fi maza samun shiga, domin matan Abzin su ne masu gida da tanti, kuma sukan ja baƙuwa ciki. A nemi izini kafin ɗaukar hoton kowa. Jarirai da tsofaffi masu rauni, sanyin Disamba ya yi musu yawa.

Nawa za mu tanada?

Farashi na sauyawa da tsadar mai, don haka a yi ciniki a Agadas, a fayyace komai tun kafin tashi: hayar mota, mai, ladan jagora da direba, abinci, jakai in za a hau Bagzan, da wanda zai biya in wani abu ya lalace. A riƙe kuɗi a hannu, ƙananan takardu na jika da jika biyu, don babu banki a duwatsu. Wanda ya ba ku wurin kwana a garkarsa, ko bai nemi komai ba, a sayi lemunsa ko cukunsa da farashi mai kyau.

In mota ta lalace, ko dare ya riske mu kafin mu isa inda muka nufa?

A tsaya tun ana ganin ƙasa. A fita daga cikin kori, a kauce daga hanya kaɗan zuwa tudu mai tauri, a kwana, da safe a duba abin da ya samu motar. Shi ya sa ake ɗaukar ruwan kwana biyu fiye da lissafi, aƙalla lita biyar na sha ga kowane mutum a yini, da tayar safaya biyu, da famfon iska, da shebur, da ƙarafan da ake shimfiɗa wa taya in ta nutse.

In gyara ya gagara, kada kowa ya kama hanya a ƙafa shi kaɗai yana neman taimako. Mota ana hango ta daga nesa, tana ba da inuwa, kuma ruwan yana cikinta. Jagora ne kaɗai zai yanke shawarar ko akwai rugar da za a iya kaiwa, kuma in zai tafi, ya tafi da sanyin safiya da ruwa a kafaɗa. Sauran su zauna tare, su rage motsi da tsakar rana. Wanda kuka bar wa jerin zangonku a gida, in ranar dawowa ta wuce bai ji ku ba, shi zai kira jandarma ya faɗa musu kwarin da za a fara dubawa.